Me Ya Kai Masai Gidan Tarihi? Ziyara Zuwa Baje Kolin Kayan Ƙirar Ostiriya

    

Yau doguwar tafiya ce a gabanmu, amma ba sai kun ɗaure kaya ba. Ƙasar Ostiriya muka nufa, a tsakiyar nahiyar Turai. A kula, Ostiriya na ce, ba Ostireliya ba. Ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu da dazuka, makwabciyar Jamus da Italiya. Mutanenta sun kai miliyan 9, Jamusanci suke yi. Babban birninta Biyana. Kun sha jin sunansa a labarai, domin a can hedkwatar ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu arzikin man fetur take.

To, yau ba maganar mai ce ta kai mu ba. Wani gidan tarihi za mu shiga, inda ake baje kujera, da kicin, da keke, har da masai. I, masai na ce. Ku biyo ni, za ku ji dalili.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, gidan da kansa. Na biyu, tushen wannan sana'a a Ostiriya. Na uku, masai da ya yi suna. Na huɗu, injin da ke bin umarnin rana. Na biyar kuma, ƙorafin da ake yi, da abin da ya shafe mu.

Ga kashi na farko: gidan da kansa.

Sunansa MAK. A taƙaice ke nan. Ma'anarsa, gidan adana kayan fasaha na amfanin yau da kullum. An kafa shi a 1863, aka yi koyi da wani gida irinsa da ke Landan. Ginin da yake ciki yanzu an buɗe shi a 1871. Tun farko ba don masu yawon buɗe ido kawai aka yi shi ba. An yi shi ne don kafinta ya zo, maƙeri ya zo, masaƙi ya zo, su ga aiki mai kyau, su koma su inganta nasu. A 1867 aka haɗa masa makarantar koyon sana'a. Wannan makaranta ita ce ta zama jami'ar fasaha ta birnin a yau.

A cikin gidan akwai wani sashe da aka buɗe a 2014, aka sake masa fasali a 2019. Sashe ne na tsara fasalin kaya. Me ake nufi da tsara fasalin kaya? Ga shi a sauƙaƙe. Duk abin da ke hannunki yanzu, Hajiya, ludayi ne ko wayar salula, akwai wanda ya zauna ya yanke shawara a kansa. Shi ya ce tsawonsa kaza. Shi ya ce da ƙarfe za a yi shi ko da roba. Shi ya ce nan za a riƙe. Wannan tunani da ake yi kafin a ƙera abu, shi ne tsara fasali. Mai yin sa kuma, mai tsara fasali.

A da, in an shiga irin wannan gida, tambaya ɗaya ce: abin nan ya yi kyau? Yanzu tambayar ta ƙaru. Kayan da za mu duba yau, tambayoyi uku suke amsawa. Ku riƙe su, don za mu yi ta komawa kansu.

Ta ɗaya: wa zai yi amfani da shi?

Ta biyu: da me aka yi shi, kuma ta yaya?

Ta uku: in ya gama aiki, ina zai ƙare?

Wa zai yi amfani da shi, da me aka yi shi, ina zai ƙare. Tambayoyi uku ke nan.

Mu shiga kashi na biyu: tushe. Da tsohuwar zuma ake magani, don haka bari mu waiwaya kaɗan.

Akwai wani kafinta Bajamushe mai suna Michael Thonet. Ya koma Biyana da zama a 1842. Ya gano cewa in aka turara katako da tururi mai zafi, yakan yi laushi. Sai a lanƙwasa shi a jikin ƙarfe, a ɗaure, a bar shi ya bushe. In ya bushe, ba ya komawa yadda yake. A 1859 ya fitar da kujerar da ake kira Lamba 14. Gutsuren katako shida ne kawai, da sukuru goma, da noti biyu. Ba a haɗa ta a masana'anta. A warware ake tura ta. Akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, yana cin kujeru 36. In ta isa inda za ta, sai a ɗaura. Kuɗin dako ya ragu, farashi ya sauko, talaka ya samu wurin zama. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50.

Sai wata mata 'yar Biyana, Margarete Schütte-Lihotzky, mai zanen gine-gine. A 1926 aka ba ta aikin tsara kicin na gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Ba ta fara da zane ba. Da lissafi ta fara. Taku nawa mai girki ke yi daga murhu zuwa wurin wanke-wanke? Sau nawa take sunkuyawa? Ta duba kicin ɗin jirgin ƙasa, inda ake dafa wa mutane da yawa abinci a ɗan ƙaramin wuri. Sai ta fito da kicin mai faɗin ƙasa da mita 2, tsawo mita 3 da 'yan kai. Komai na kusa da hannu. Gari da shinkafa da sukari, kowanne da mazubinsa mai mariƙi, a jawo a zuba kai tsaye. An gina kusan 10,000. Akwai kwafinsa a MAK.

Na uku, wanda ya shafi mu masu rediyo. Victor Papanek, haifaffen Biyana a 1923, wanda ya yi hijira zuwa Amurka yana matashi. Shi da wani ɗalibinsa sun ƙera rediyo da gwangwani. A sa kakin kyandir da lagwani a ciki, a kunna. Zafin wutar ya koma 'yar lantarki, wadda ta isa a ji magana ta abin sawa a kunne. Ba batir, ba jona wuta. An yi ta ne don ƙauyukan da ba lantarki, irin na Indunusiya. A 1971 ya fitar da littafin da ya tayar da ƙura, inda ya zargi abokan sana'arsa da ɓata basira wajen ƙera tarkacen da ba a buƙata, alhali mabuƙata na nan birjik.

Kujera, kicin, rediyo. Dukansu sun fara ne da tambaya ta ɗaya: wa zai yi amfani da shi?

Yanzu kashi na uku, kuma a nan za mu ɗan daɗe. A gafarce ni, maganar ban-ɗaki za mu yi. Ilimi ba ya kunya.

A Biyana akwai wani kamfanin tsara fasali mai suna EOOS. Abokai uku suka kafa shi a 1995: Martin Bergmann, da Gernot Bohmann, da Harald Gründl. Sun yi suna wajen tsara kujeru da kicin na masu hannu da shuni. A 2015 MAK ya shirya baje kolin ayyukansu. Amma aikin da ya fi jawo musu hankalin duniya, masai ne.

Ga yadda abin ya faro. A 2011 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta yi shela ga masana. Ta ce a sake tunanin masai, a ƙera wanda zai yi aiki a inda ba bututun ƙazanta. EOOS suka haɗa kai da Eawag, cibiyar binciken ruwa ta ƙasar Suwizalan. Suka ƙera masai na gwaji, aka gwada shi a unguwannin talakawa a Kampala ta Yuganda, da Nairobi ta Kenya. Babban sirrinsa shi ne raba bawali da bahaya tun daga farko.

Me ya sa za a raba? Manoma, ku matso kusa da rediyo. Kun san buhun takin zamani mai haruffa uku, NPK. Harafin farko naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Na biyu fosfaras, mai ƙarfafa saiwa. Kun kuma san takin yuriya. To, waɗannan sinadarai suna cikin bawalin ɗan'adam. A cikin dukan ruwan ƙazantar da birni ke fitarwa, bawali ɗan kaɗan ne, bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Amma shi ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na naitirojin da ke cikin ruwan.

In wannan naitirojin ya gangara kogi ko teku, masifa ce. Gansakuka ta yi yawa, ta ruɓe, ta cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya mutu. In kuwa aka tare shi tun daga masai, taki ne. Abu ɗaya, a kogi guba, a gona abinci. Na sake faɗa: a kogi guba, a gona abinci.

An daɗe ana ƙera masai mai rabawa. Matsalarsu ita ce, wasu suna da 'yan maɓallai da ke toshewa. Wasu kuma sai mai amfani ya canza yadda ya saba. Mutane kuwa ba sa son a koya musu shiga ban-ɗaki.

To, yaya EOOS suka yi? Ku tuna da teburin mai shayi. In ya karkata buta da ƙarfi, shayi kan yi tsalle ya faɗa cikin kofi. In kuwa ya karkata a hankali, sai shayin ya ƙi barin bakin butar. Ya bi jikinta, ya gangaro ta ƙasa, ya jiƙa tebur. Kowa ya taɓa ganin haka. Ruwa mai tafiya a hankali yana manne wa jikin abu, ya bi lanƙwasarsa. Ruwa mai gudu ba ya tsayawa bin lanƙwasa.

Wannan halin ruwa, wanda ke ɓata wa mai shayi rai, shi suka mayar abin amfani. A cikin kwanon masai ɗin, sun yi wata 'yar lanƙwasa da ido ba ya gani. Bawali na saukowa a hankali, sai ya manne wa jikin tangaran, ya bi lanƙwasar, ya shige wata ɓoyayyiyar kafa. Daga nan ya bi bututunsa daban. In aka saki ruwan kora kuwa, da ƙarfi yake zuwa. Sai ya tsallake kafar, ya tafi da sauran ƙazanta ta babbar hanya. Ba maɓalli. Ba lantarki. Ba abin da ke motsi, balle ya lalace. Mai shiga ma bai san an yi ba. Siffar kwanon ce kawai ke aikin.

Wani kamfanin kayan ban-ɗaki mai suna Laufen ya ƙera shi don kasuwa. A 2019 kuma, da aka yi babban baje kolin fasaha na birnin Milan a Italiya, MAK ne ya shirya rumfar Ostiriya. Me suka kai? Wannan masai suka kai. Ƙasar da ta yi suna da kiɗa da fadoji, masai ta zaɓa ya wakilce ta.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mata manoma sun yi gwaji tare da masu binciken aikin gona. Ana adana bawali a rufe na wasu watanni har ya zama ba cuta, sannan a sa wa gero. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna ƙarin amfanin gona na kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ke sha'awa, ya tuntuɓi malamin gona tukuna, don abin yana da ƙa'idojin tsafta. Amma kun ga tunanin ɗaya ne, a Biyana da Maraɗi. Kuma amsa ce ga tambaya ta uku: ina zai ƙare?

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tasharmu, muna zagaya baje kolin kayan ƙirar Ostiriya ne. Mun gama da masai. Ga kashi na huɗu: injin da ke bin umarnin rana.

Wasu masu tsara fasali biyu ne, Katharina Mischer da Thomas Traxler. Su ma a Biyana suke aiki, kuma suna cikin waɗanda suka sake tsara sashen nan na MAK a 2019. A 2008 suka fito da wani inji mai aiki da hasken rana. Tunanin daga bishiya ya zo. In aka sare gungume, akan ga zobba-zobba a ciki. Shekarar da damina ta yi kyau, zoben ya yi faɗi. Shekarar fari, ya tsuke. Bishiya na rubuta tarihinta a jikinta. Sai suka ce, me zai hana kayan ɗaki ma su yi haka?

Ku kwatanta injin a zuci. Ga faifan sola a gefe. Ga ƙullin zare. Injin na jawo zaren, ya bi da shi ta cikin rini, ya bi da shi ta cikin gam, sannan ya naɗe shi a jikin wani gwangwani mai juyawa. Rana na fitowa, inji ya tashi. Rana na faɗuwa, inji ya tsaya. In rana ta take, injin ya yi sauri, naɗin ya yi kauri, launin ya yi haske, domin zaren bai daɗe cikin rini ba. In gajimare ya tare rana, injin ya yi sanyi, naɗin ya yi siriri, launin ya yi duhu. Da magariba sai a sauke aikin. In gam ya bushe, a yanka, a sa masa ƙafafu ya zama benci, ko a mai da shi murfin fitila.

Rana ɗaya, abu ɗaya. A lokacin zafi a Ostiriya, da yini ke da tsawo, bencin kan yi tsawo. A lokacin hunturu, gajere. Ba biyu da suka yi kama. Mai kallo zai iya nuna wani layi mai duhu ya ce, nan hadari ya taso.

Wani zai ce, wannan ai wasa ne. Wane ɗan kasuwa zai jira rana? Gaskiya ne, ba don cika kasuwa aka yi shi ba. Tambaya yake yi. Masana'antu na aiki dare da rana, suna ƙona mai da gawayi, suna fitar da kaya fiye da buƙata. Injin nan yana cewa: in da gwargwadon abin da rana ta bayar za mu ƙera, kaya nawa za mu yi? Wannan ita ce tambaya ta biyu: da me aka yi shi, kuma ta yaya?

A taƙaice, ga ƙarin misali ɗaya. A 2021 reshen EOOS mai kula da ayyukan al'umma ya nuna wani keken lantarki mai ƙafa uku a MAK. Gangar jikinsa da sharar roba ta manyan kantunan Biyana aka yi ta. Wata na'ura ce ke narkar da robar, tana zuba ta layi bisa layi har siffar ta fito. Tayoyi da birki da abin tuƙi kuwa, irin waɗanda ake samu wurin mai gyaran keke ne. In jikin ya tsufa, a niƙe shi a sake zubawa.

Mun zo kashi na biyar: ƙorafi, da abin da ya shafe mu.

Ba a rasa masu suka ba, kuma suna da hujja. Na farko, tsada. Masai mai raba bawali yana buƙatar bututu na biyu a cikin gini, da tanki, da wanda zai kwashe ya sarrafa. In babu waɗannan, hikimar kwanon ta tashi a banza. Na biyu, da yawa daga kayan baje koli samfuri ne. Ana yin ɗaya ko biyu, a yaba, a ba da lambar yabo, shi ke nan. Daga ɗakin nuni zuwa gidan talaka tafiya ce mai nisa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin gaskiya a hannun mai amfani yake, ba a bayan gilashi ba.

Sai dai Ostiriya ba ta tsaya a nuni kawai ba. A 2022 gwamnatin ƙasar ta ɓullo da tallafin gyara. A wancan lokacin, in na'urarka ta lantarki ta lalace ka kai gyara, gwamnati kan biya rabin kuɗin, har zuwa yuro 200. Manufar ita ce a rage zubar da kaya. A yammacin ƙasar kuma, a yankin Bregenzerwald, masu sana'ar hannu sun kafa ƙungiya a 1999. Suna da gidan nuni nasu a ƙauyen Andelsbuch, suna kuma shirya gasa inda mai tsara fasali ke haɗa hannu da kafinta ko maƙeri. Ɗaya da zane, ɗaya da hannu.

A nan ne zan yi magana da masu sana'armu. Malam kafinta, Malam mai walda, Hajiya mai ɗinki, mai ginin tukwane. Abin da Ostiriya ke kashe kuɗi don ta farfaɗo da shi, wato gyara, mu ba mu taɓa barinsa ba. Amma akwai abin koyi. Matar nan ta ƙirga takun mai girki kafin ta zana kicin. Kai fa, kafin ka haɗa murhu, ka taɓa tsayawa ka ga yadda uwargida ke sunkuyawa a kansa? Kafin ka yi bencin makaranta, ka auna tsawon ƙafar ɗan aji ɗaya? Wannan ba ya cin ko sisi. Ido ne da tambaya.

Mu kuma masu saye, hakki na kanmu. Araha ba ta ado. Kujerar robar da za ta karye cikin wata uku, ta ƙare a kwata ta toshe ruwa, ta fi ta katako tsada in an yi lissafi. Kafin ka miƙa kuɗi, juya abin ka duba. Ana iya kwance shi? Ana samun kayan gyaransa a garinku? In amsar a'a ce, to ka san shara ka saya, sai dai ba ta kai juji ba tukuna.

Bari in tattara. Mun ga kujerar da aka tsara don ta yi sauƙin dako. Mun ga kicin da aka auna da takun mai girki. Mun ga masai da ke tare taki kafin ya ɓata kogi. Mun ga injin da ba ya wuce abin da rana ta ba shi. Kowannensu na amsa ɗaya daga tambayoyi uku. Wa zai yi amfani da shi? Da me aka yi shi? Ina zai ƙare?

Ga aikin gida. A cikin makon nan, kowa ya zaɓi abu ɗaya a ɗakinsa da ke ba shi wahala kullum. Ƙofar da ke cijewa, ko tukunyar da mariƙinta ke ƙona hannu. Ku zauna da yara ku tambaye su, in ku ne, yaya za ku gyara fasalinsa? Ku saurari amsarsu da kyau. In da hali, ku kai shawarar wurin mai sana'a na unguwa, ku ga abin da zai ce.

A nan za mu dasa aya.